Da Hannun Hagu

"Wai me ka yi wa Baba?" Auta ta tambaya tun kafin ta ajiye jaka.

Malam ya daina goge allo. "Ni? Yaba masa na yi, abar ƙaunata. Ya rubuta sunansa daidai, na ce a tafa masa."

"Sau uku, irin na 'yan firamare?"

"To da yaya ake tafi?"

Aikin Auta shi ne zagaya azuzuwan manya, ta zauna a bencin baya, in an tashi ta gyara wa malami. Wannan malamin kuwa shi zai aure ta, mahaifinta kuma ɗalibinsa ne. Tun ranar tafin Baba ya ajiye littafi, ya ce wanda ya mai da shi jika ba zai zama surukinsa ba.

"Mutum da furfurarsa, a gaban abokansa, ka ce masa yaron kirki..."

"Baki ne ya saba! Na daɗe da yara."

Ta miƙa masa alli. "Rubuta sunanka. A'a, da hagu."

Haka suke wa sababbin malamai a wajen horo. Ya fara, allin ya karye, harafin farko ya kwanta. Gumi ya karyo masa.

"Ni kaɗai ke kallonka," ta ce. "Shi Baba aji guda ne ke kallonsa."

Ya sunkuya ya tsinci guntun allin.

Da ƙyar ta shawo kan Baba ya yarda ya koma aji. "Rana ɗaya tak. In ya sake, ni da kaina zan ce na fasa."

Ranar, Malam ya bi kowa ya gaishe shi, sannan ya sa hannun dama a aljihu, ya ɗauki alli da hagu.

"Iyayena, yau ni ne ɗalibi."

Rubutun ya yi ta gangarawa ƙasa.

"Malam, mota ta saki hanya!" in ji wani tsohon direba. Aji ya kwashe da dariya.

Baba bai yi ba. Ya daɗe yana kallon allon, sai ya tashi, ya share harafin ƙarshe da yatsa.

"Sake wannan. A hankali, ba korar ka ake ba."

Malam ya sake. Baba ya koma mazauninsa, ya buɗe littafi.

"To, ku tafa wa surukina. Sau uku."

Ƙa'ida ce, mai duba aji ba ta sa baki. Ita ta fara tafin.