Sarauniyar Da Jannatu Ta Bayar

"Maimaita abin da kika ce, Ramlatu."

Jannatu na tsaye a tsakar gidan su Lukman a Rano, riƙe da kofin da ta ciyo jiya a gasar ces, darar nan ta Turawa. Ta taso daga Kibiya don ta nuna wa Hajiya, mahaifiyar masoyin nata, ashe an riga ta da gulma.

Ramlatu, 'yar ƙanwar Hajiya da ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Lukman, ta taɓe baki.

"Da waya kika ci. Wane mai hankali ne zai ba da sarauniyarsa, wadda ta fi duk 'ya'yan wasan ƙarfi, kyauta, ya kuma yi nasara? Sai na'ura."

Hajiya ta kawar da kai.

"Ni dai ba zan haɗa zuri'a da mai maguɗi ba."

Maganar ta soki Jannatu har cikin rai, amma ta rantse Ramlatu ba za ta ga hawayenta ba.

Lukman ya fito da allon wasan, ya jera 'ya'yan yadda suke kafin ta ba da sarauniyar, sannan ya shigar da su cikin manhajar wayarsa.

"Hajiya, ita manhaja babu ruwanta da burgewa. Hanya mafi kusa take nema ta ritsa sarki. Duba nan..."

Manhajar ko kallon sarauniya ba ta yi ba. Wani ɗan soja ta tura gaba can gefe, inda idon mutum ba ya zuwa. Motsi uku, sarki ya rasa mafita.

Lukman ya ce, "Jannatu kuwa sai da ta yi motsi bakwai. Da waya ta bi, me zai kai ta wannan zagayen?"

Ramlatu ta tuna ta bar tukunya a wuta.

"Ki yafe ni, 'yata," in ji Hajiya, murya ƙasa-ƙasa.

Jannatu ta rusuna ta ce babu komai. Sai a zaure ta tsare Lukman da ido.

"Wato sai da na'ura ta wanke ni ka yarda da ni?"

"Haba, sanyin idona... don Hajiya na kunna ta. Tun da safe na roƙi Alhaji, mahaifina, ya tura su Kawu Bello neman aurenki. A hanya kuka saɓa."

Farin ciki ya lulluɓe ta, amma ta ƙi sauke kai.

"Kuma hanyata ta fi ta manhajar kyau."

"Nesa ba kusa ba, amaryata!"