Bencin Kurame

Ranar Lahadin nan Auta ta makara zuwa coci, shi ya sa ba ta shiga cikin mawaƙa ba. Sai ta raɓa a wani benci na gefe, ashe wurin kurame ne. A gabansu wani saurayi ne tsaye da tsohuwar riga da ta sha guga. Fasto na wa'azi, shi kuma yana juya musu maganar da hannu. Gaskiya dai Auta ba ta ji wa'azin ranar ba, hannun kawai take kallo.

Da aka tashi saurayin ya ce mata, "'Yar'uwa, kin iya maganar hannu ne?"

"Ko kaɗan."

"To me kika yi ta kallo haka?"

Kunya ta rufe ta, ta ce ɗinkin rigarsa ne ya burge ta. Ya yi dariya, ya ce shi ya ɗinka.

Tela ne, shagonsa kamar akurki, keken ɗinki ɗaya tal. A coci Tafinta ake ce masa. Wurin marigayiya mahaifiyarsa, wadda kurma ce, ya koyi maganar. Kafin wata uku soyayya ta yi nisa.

Wata rana ya turo mata saƙo: "Sanyin idona, yau na ɗinka aljihu a bayan riga saboda tunaninki. Mai rigar bai yi dariya ba."

Ta amsa: "Allah ya ƙara, malamina. Gobe ka koya min yadda ake cewa na yi kewarka."

Matsalar ita ce Baba. Mahaifin Auta dattijo ne a ikkilisiya, yana da gidajen mai biyu, kuma ransa na kan ya aurar da ita ga wani ɗan kwangila da ya saya wa coci janareta.

"Da me zai ciyar da ke?" in ji shi. "Da yatsu?"

Mama ta yi ta lallashi har ya sauko, amma da sharaɗi: Tafinta ya rufe shago, ya zama manajan gidan mai, kwana bakwai a mako.

"Baba, Lahadi fa?" in ji Tafinta.

"Mota ba ta san Lahadi ba, yaro."

Tafinta ya nemi a ba shi lokaci ya yi addu'a. Auta ta ji haushi sosai, ta rubuta masa: "Ashe kurame tara sun fi ni."

"Ba su fi ki ba, Auta. Amma ke kina da kunne, su kuwa ni ne kunnensu."

Kwana uku ba ta amsa ba. Tsoron rasa ta ya fi ƙarfinsa, ya karɓi aikin.

Lahadin da ta biyo Baba ne mai karatu, kuma aka faɗa kan labarin mai arzikin da ya rushe rumbunansa don ya gina manya. Yana tsakiyar karatun ya ɗaga kai. Kuramen nan tara sun zuba wa bakinsa ido, ba abin da ke isa gare su. Wata tsohuwa a cikinsu ta taɓa Auta tana tambaya da hannu. Auta ta miƙe tana gwada ɗan abin da ta koya, ta kakare, hawaye na zuba. Sai a lokacin Auta ta gane abin da ta roƙi masoyinta ya bari.

Da ƙyar Baba ya kai ƙarshen ayar. Bai koma kujerarsa ba, mota ya nufa.

Ya tarar da Tafinta tsaye kusa da famfon mai.

"Cire rigar aikin nan."

"Baba, laifi na yi?"

"Ni na yi laifi, ɗana. Shekara talatin ina karanta labarin mai rumbunan nan, sai yau na ga kaina a ciki. Abin da kake da shi ba ni da shi. Shiga mota, ba a fara wa'azi ba."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da yake ango ba zai yi tafinta a bikinsa ba, sai su biyun suka yi alkawarinsu da baki da hannu a tare, kurame a sahun gaba.

Da aka kira Baba ya sa albarka, ya ajiye makirufo. Ya ɗaga hannuwansa masu kauri yana kuskure, tsohuwar nan ta taso ta gyara masa yatsu. Sannan a hankali ya ce musu, Allah ya yi muku albarka. Coci duka ta amsa da amin.