Kira Uku Na Inna Kadija

"Rezon waya ne babu, ko ke ce babu?"

Hamdiya ce, ƙanwar Yazidu, ta tare ni da wannan tambaya tun ban cire takalmi ba a gidansu na Dakoro. Kwana arba'in ke nan da rasuwar mahaifiyarsu, Inna Kadija, ni kuwa da ake shirin kawo wa Yazidu amarya sai yau na iso daga karatu a Faransa.

"Zara ta kwana ukku bisa murhu tana tuƙa tuwon makoki. Baffa ya ce ita ta dace da Yaya!"

Zara, 'yar baffan nasu, ta sunkuyar da kai, sai ka rantse ba ita ta kitsa zancen ba.

Yazidu ya kira ni zaure. Ya rame har na ji tsoro.

"Rahinatu, na hwaɗa musu babu rezo a labo, ɗakin bincikenku, ran da Inna ta kira ki. Na yarda da ke."

Yardar nan tasa ita ta karya ni.

"Ƙarya na yi maka, masoyina..."

Na gaya masa komai. Ɗakin aikinmu duhu ne. Na'urarmu tana tura haske siriri kamar takarda ya ratsa ƙwan kifi mai rai, yanki bayan yanki, ba tare da ya kashe shi ba, ƙwayoyin zuciyar da muka sa wa alama suna ƙyalli kore. Wata takwas ina neman in ɗauki bugun farko na wannan zuciyar. Ran nan da hantsi, ana dab da samu, salulata ta haska.

Sunan Inna.

"Haskenta zai ɓata hoton, sai na kihe ta. Sau ukku tana kira, Yazidu! Na ce in an jima ni kira ta..."

Kafin azahar Inna ta cika.

Ya kau da kai daga gare ni. Da duka na ya yi, da ya fi mini sauƙi.

"Kin saurari bokal ɗin, saƙon muryar da ta bar miki?"

"Kunya ta hana ni buɗewa."

"Ni na riƙe mata salular. Buɗe."

Na danna. Muryar Inna ta fito, can ƙasa-ƙasa.

"Ɗiyata, na san kina ɗakin duhun nan, kada ki taso. Kin ce injinku yana kallon abu bai kashe shi ba. To ga Yazidu nan, zuciya tai ba ta da ƙwari, ki riƙe mini shi hakanan..."

Na durƙushe ina kuka. Ashe Hamdiya na bakin ƙofa, ita ma hawaye take sharewa.

"Ƙaryar ta yi mini ciwo," in ji Yazidu. "Amma zancen Zara babu shi, da Baffa ni zan yi magana. Yanzu nuna mini abin da ya hana ki ɗauka."

Na kunna bidiyon. 'Yar koriyar zuciya ta motsa, ta tsaya, ta sake motsawa.

"Ya rayu?"

"Ya rayu."

"Da Inna ta ji daɗi," ya ce. "Kullum sai ta tambaye ni lahiyar kihinki."