Jar Fitilar Dakta Nafissa

Ranar Asabar da hantsi aka kira Sufeto Nawaf zuwa wani ɗakin bincike kusa da unguwar Waziriyya a Jidda. An sace faranti guda na ƙananan fitilun allon waya.

Nawaf jikan alhazai ne, haifaffen Jidda, Hausarsa duk ta kaka ce. Ya tarar da Dakta Nafissa, 'yar Damagaram, zaune jugum. Da katinta aka buɗe ƙofa ranar Juma'a, kafili kuwa, wato uban aikinta, ya rantse sai ya soke iƙamarta ta zama a ƙasar.

"A aljihun tebur nake barin katin, ranka ya daɗe," in ji ta. "Ka ga, kowace fitila ba ta kai kaurin gashi ba. Ja ta fi taurin kai, da an ƙanƙanta ta sai haskenta ya dushe. Wannan farantin ne kaɗai ya kama. Ƙura ɗaya ta sauka a kansa, shi ke nan ya mutu."

Nawaf ya jinjina kai. Shi da ko zare ba ya iya zurawa a allura!

Ya ɗauko farar rigar da take sawa kafin shiga. Kafaɗar ta ɓarke, wuyan yana tashin ƙamshin turaren udu.

"Kina sa turare?"

"Haram ne a aikinmu. Ko kwalli na manta kamanninsa."

Abokan aikinta biyu ne. Abdelkader ya cire hula, kai tal.

"Umara na je ranar nan, Sufeto. Mai harami ina shi ina turare?"

Na biyun, Saif, ya ce daga masallacin Juma'a gida ya wuce. Amma da aka buɗe motarsa, ƙamshin nan ne ya tarbi Nawaf. Ƙarƙashin kujera ga kwalin dabino, an naɗe shi da salatif.

"Na ummi ne, mahaifiyata," in ji Saif.

"Masha Allah. Bari in ɗanɗana ɗaya."

Iskar teku tana kwaso rairayi. Nawaf ya sa farce ya fara ɓare salatif ɗin a hankali.

"La, la!" Saif ya riƙe masa hannu. "Kar ka buɗe a nan, wallahi za su mutu!"

Ya sunkuyar da kai. Farantin yana cikin kwalin. Wani kamfani ne ya yi masa alkawarin babban muƙami in ya kawo shi.

"Yalla, mu je," in ji Nawaf, aka tasa ƙeyar Saif.

Da suka koma ɗakin bincike, ta bayan gilashi Nawaf ya tsaya kallo, Nafissa ta jona farantin. Jan haske ya tashi kamar garwashi, babu ɗigon duhu ko ɗaya.