Wanda Ya Mayar Mana da Ƙafar Mota

Muna tsakiyar tafkin Winnipeg, a kan ƙanƙarar da ta rufe ruwansa, ciwon ƙirji ya kama Baba. Na kinkime shi na sa a ƙaramar motarmu ta kamun kifi, wadda na cire wa tayoyi na ɗaura mata ƙafafun roba irin na katafila. Ba mu yi nisa ba ƙafar baya ta sulluɓe. Magariba ta rufa, waya babu sabis.

Na durƙusa ina ja ina turawa, yatsuna sun mutu, ina roƙon robar nan kamar mutum.

"Einar," in ji Baba da ƙyar, "bar ni, ka taka da ƙafa."

"Ba inda zan je, Baba."

Sai na ji murya a bayana, kamar ta mai kuskure baki. "Ba ka ɗaure ta sosai ba, yaro. Matsa."

Wani dattijo ne, ko safar hannu babu. Ya ɗaga gefen motar, ya mayar da ƙafar, ya murɗa notin da yatsu. Warin laka yake yi, ruwa na ɗiga daga rigarsa ba ya daskarewa.

"Ku rage min hanya," ya ce. "Na daɗe a nan."

Baba ya damƙe hannuna. "Kada ya hau."

Na haska tocila, na bi jiƙaƙƙen sawunsa har inda ya faro. Wani ramin kamun kifi ne da aka huda a ƙanƙarar har zuwa ruwa, bai fi faɗin faranti ba. Ina juyowa, na gan shi zaune a kujerar direba.