Rabin Abin da Ya Rage a Jikin Sanatu

Ranar da abin ya fara, magariba ta kawo jiki a unguwar Lamashegu, hayaƙin murhu ya kwanta a kan rufin gidajen Tamale, amma Napari mai naɗin injuna bai tashi daga aiki ba. Shekara ashirin da bakwai yana kwance ƙonanniyar waya yana naɗa sabuwa a rumfar tsakar gidansa. Gwani ne, kowa ya shaida, sai dai kansa ya fi ƙarfen da yake bugawa tauri. Sau biyu matarsa Azaratu tana cewa ya bari sai gobe, ya yi kamar da bango take.

Abin da ya riƙe shi wani ƙaton naɗin jan ƙarfe ne da ya ciro daga janareton wata masana'antar shinkafa da ta daɗe da mutuwa. Ya jona shi da baturan babbar mota, ya tsura wa mita ido. Wuta ba ta cika irin wannan naɗi lokaci guda. Naɗin yakan turje mata, allurar mita ta yi ta hawa, tana ƙara jan ƙafa, kafin ta tsaya. Kuma yadda yake ƙin ta shiga da gaggawa, haka yake ƙin ta fita da gaggawa. Napari ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Amma da ladan ya ɗaga murya, sai ganganci ya ɗebe shi, ya fizge wayar.

Wani shuɗin tartsatsi ya tashi da ƙara kamar bulala. Daidai lokacin 'yarsa Sanatu, mai koyon ɗinki, tana ratsa tsakar gida da kwanon tuwo da miyar ayoyo. Ba ta taɓa komai ba. Ta dai tsaya cak, kwanon ya suɓuce, ta bi shi ƙasa.

Daga ranar, duk magariba sai duwatsu su sauko a kan kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, in ka ɗauka ka ji su da ɗumi. Rumfar aiki ta riƙa gurnani alhali ba a jona komai ba. Sanatu ta daina ci, ta daina magana. Maƙwabta, da ba a rasa su da shawara, suka ce aljani ne, suka sa Azaratu ta turara mata barkono don a kore shi da ƙarfi. Wayyo, da ba a yi ba! Yarinya ta sandare, jini ya ɓalle mata ta hanci, ranar kowa ya ɗauka an rasa ta.

A rana ta shida aka ɗauko wani malami, Afa Issahaku, daga garin Tolon a bayan babur. Tsoho ne mai ƙarancin magana. Ya zauna a kan buzu, ya jira rana ta faɗi, sannan ya fara karatu a hankali. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba su motsa ba. Can sai Sanatu ta tashi zaune, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Shekara talatin ina kwance cikin ƙarfen nan, ban taɓa ko kazar wani ba. Uban yarinyar nan ya cika mini gida da wuta, na haƙura. Sai ya datse hanya. Ina zan bi? Na bi wadda ta fi kusa."

"Yau za ka fita," in ji Afa.

Muryar ta yi dariya. "Fizge ni mana, tsoho. Tambayi ubanta abin da ke faruwa in an fizge."

Napari ya durƙusa. "Afa, don girman Allah dakata. Gaskiya ya faɗa. Babban naɗi ba a yanke shi haka kawai. Wayar hita, irin ta dafa ruwa, ake ɗaura masa, wutar ta zagaya ta ciki, ta huce a hankali. In ba a ba ta hanya ba, sai ta fasa duk abin da ta samu."

Afa ya ɗaura bakin carbinsa a wuyan hannun Sanatu, ya ɗora ɗaya bakin a kan ƙarfen. "Ga hanya. Me kake so?"

"Duk magariba zan fitar da rabin abin da ya rage nawa a jikinta, in koma gidana. Ba ƙari, ba ragi."

Tsohon ya juya ga uban yarinyar. "Napari, ni karatu na sani, ban san waya ba. Irin wannan raguwar tana ƙarewa?"

"Tana ƙarewa, Afa. Mu a wajen aiki, in ta ragu sau biyar ko shida, allura ta kwanta, shi ke nan sai mu sa hannu."

"'Yarka ce. In na ɗaure alkawari da sunan Allah, ni ma ba zan iya kwance shi ba."

"Ɗaure, Afa."

Aka ɗaure. Washegari duwatsu suka ragu. Rana ta uku Sanatu ta nemi koko, Azaratu ta dama tana kuka. Kafin mako ya zagayo yarinya ta koma kan keken ɗinkinta, gurnanin rumfa ya ɗauke, aka yanka rago aka raba wa unguwa. Napari har ya fara bugun ƙirji a majalisa, wai sana'arsa ce ta ceci 'yarsa.

Azaratu ce ta lura. Duk faɗuwar rana, ko me Sanatu take yi, sai ta ɗan tsaya, idonta ya tafi wani wuri, sannan ta ci gaba. Wata yamma uwar tana kwasar tuwo ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Baban Sanatu, in na raba malmalar nan na ɗauke rabi, gobe na raba sauran na ɗauke rabi, wace rana ce kwanon zai wayi gari babu komai?"

Nan take Napari ya gane kuskurensa. Allura takan kwanta ne don mita ta daina gani, ba don wuta ta ƙare ba. An koya masa haka tun yana koyon aiki, amma shekaru suka sa ya ɗauki abin da ya ishi aiki a matsayin ƙarshe. Ni da nake maƙwabtaka da su, ban taɓa ganin namiji ya tsufa a zama ɗaya ba sai ranar, kuma wallahi ya ba ni tausayi.

Yau shekara tara. Sanatu ta yi aure, tana da shagonta da 'ya'ya biyu, ba ta san komai ba, don ba wanda ya iya gaya mata. Napari kuwa duk yamma yana rufe rumfa ya je ya zauna a ƙofar shagon, wai hira ya zo. Idan ladan ya ɗaga murya, keken yakan tsaya na ƙiftawar ido, leɓunanta su motsa, shi kaɗai yake ji, siririyar murya kamar ta sauro.

"Ina cika alkawari, Napari. Yau ma na fitar da rabi."