Ranar da Ruwan Langa Ya Faɗi

A wani gari can an yi wani yaro, Jatau, wanda duk unguwarsu ba mai kama ƙafarsa a langa. Shi ne ruwa, wato wanda sauran ke karewa har ya kai wurin sha da tsallen ƙafa ɗaya.

Ana nan sai kawunsa ya ba shi tsohuwar waya mai wasan tsere. Da yamma abokinsa Nomau ya yi sallama don su tafi langa, Jatau ya ce, "Ina zuwa." Washegari ma, "Ina zuwa." Kullum, "Ina zuwa." Bai taɓa zuwa ba.

Ranar karawa da yaran ƙetaren rafi, Jatau ya fito yana hamma. Ya kama babban yatsan ƙafarsa, ya fara tsalle. Ko rabin fili bai kai ba ƙafar ta yi sanyi, ya zube tun kafin kowa ya ture shi. Yaran ƙetare suka yi ta yi musu ihu.

Nomau ya tsaya a kansa yana huci, gwiwarsa na jini. Ya ce, "Dubi yadda na ƙuje saboda kai. Mu muna shan turi, kai kana kwance kana latse-latse. Gobe sai wayar ta kare ka."

Jatau ya koma gida ransa a ɓace. Wayar ta yi ƙara, tana nuna shi ne na ɗaya. Ya kife ta a kan tabarma, ya fita tsakar gida, ya kama yatsan ƙafarsa.